Kadarkon da Na Ƙera wa Yaya Sale

Wannan babin sau uku ina fara shi ina yagewa. Mahaifiyarku ta ce in dai zan cika littafi da labarin yadda na koyi sana'a da yadda na gina gidan Tarauni, amma in tsallake wannan, to gara in ajiye biron in je in yi barcina. Ta yi gaskiya, kodayake ban ce mata ta yi ba. Dukkanku kun taso kuna jin ana cewa Baffanku Sale, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya tsaya yana kallo uwarsa ta faɗi a bakin jirgi har ta karye, ta ƙare rayuwarta a kan katifa. Kun ji a bakin Gwaggo Hansatu, kun ji a gidajen biki, wataƙila ma kun faɗa wa naku 'ya'yan. To ku buɗe kunne, ba haka aka yi ba. Sunan mutumin nan aka ɓata, kuma ina tsaye aka ɓata shi.

Garinmu kun san shi, can gaba da Wudil a bakin kogi. Babanmu mai fito ne, shi ke tsallakar da mutane da kwale-kwale idan damina ta yi nisa ruwa ya cika. Gaɓar wajenmu taɓo ce zalla, jirgi ba ya iya matsowa har tudu, sai an shimfiɗa dogon katako daga gaɓa zuwa bakin jirgi mutane su taka su shiga. Shi muke kira kadarko. Na Baba na itacen maɗaci ne, da hannunsa ya sassaƙe shi da gizago, baƙi ƙirin, duk jikinsa tsage-tsage a gicciye kamar an yi masa sara da gayya. Muni kam ba a magana. Nauyi kuwa sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Da Baba ya rasu Yaya Sale ya gaji jirgin da kadarkon, ni kuwa tun ina ɗan saurayi na shigo Kano, na koyi haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam, har Allah ya ba ni shago nawa a Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da gidanmu ke tinƙaho da shi guda ɗaya ne: tun zamanin Baba ba a taɓa jin wani ya faɗi ko ya jiƙe a fitonmu ba. Yaya ba shi da gona mai girma, ba shi da shanu, wannan sunan shi ne dukiyarsa.

Akwai kuma abin da dole ku gane game da Inna, kakarku, don ku yaran yanzu uwa tana kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal, har ta rungume shi a gaban mutane. Inna ba haka take ba. Yaya Sale ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce “mai jirgin” ko “wancan”. Ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa, ba ta cin abinci yana kallo, balle ta miƙa masa hannu ya riƙe. Ba ƙi ba ne, wallahi ta fi kowa sonsa, al'ada ce ta ɗaure mata baki. Ni kuwa Auta, komai nawa a bainar jama'a take yabawa, ko tuntuɓe na yi sai ta ce salo ne.

Shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Maryam, da bazara, Yaya ya zo mini shago. Ya zauna a benci ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon wata taga da nake ɗagawa da hannu ɗaya. Can ya ce:

“Habu, wannan ƙarfen naku ashe ba shi da nauyi?”

“Yaya, ai ko mace sai ta ɗauka.”

“To ka duba mini. Bayana ya fara ba ni labari. Kadarkon Baba ya fi ƙarfina ni kaɗai, kullum sai na tsaya roƙon wanda zai kama mini. In da zan samu wanda zan ja da hannu ɗaya in tura da hannu ɗaya, da na ƙara shekaru a kan ruwa.”

Ranar na ji kaina ya yi girma. Tunda nake Yaya bai taɓa neman komai a wurina ba, ko allura. Na ce masa ya bar mini, zan yi masa abin da duk kogin nan ba a taɓa gani ba. Ku lura da wannan maganar, don daga nan ɓarnar ta fara. Shi abin takawa ya roƙa, ni kuwa abin kallo na yi niyya.

Mako biyu na yi a kansa. Na zagaya kasuwa na zaɓo sanduna masu rami a ciki, ga ƙarfi ga sauƙi, na haɗa firam mai tsawon taku goma sha biyu. Na shimfiɗa masa falle mai kauri, na buga ƙusoshi na goge kawunansu har sai hannu ya bi bai ji komai ba. Na yi masa ƙugiya biyu da za su kama bakin jirgi, na sa mariƙi a gefe. Gaskiya ta wannan fannin aiki ya yi, ban rage komai ba. Sannan sai na sayo fentin mai, shuɗi mai sheƙi, na shafa sau uku, na kira mai rubutun allo ya zana sunan shagona a tsakiya da farin fenti, wai don duk wanda ya tsallaka kogi ya san akwai Habu a Gyaɗi-Gyaɗi. Da ya bushe na ɗora shi a kan durom biyu a ƙofar shago, na yi ta kiran maƙwabta su hau. Mai shayi ya hau, masu a daidaita sahu biyu suka hau tare suna tsalle, wani ƙaton mai nama da ya kai nauyin buhu biyu ya bi ta kai, ko lanƙwasa bai yi ba. Aka yi ta tafi, ni kuma ina ta washe baki.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba, Baba Bitrus. Dattijo ne daga kudancin Kaduna, ya shekara da shekaru yana koyar da aikin kafinta a makarantar sana'a, da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagon gyaran kujeru kusa da nawa. Muna mutunci sosai, in azumi ya zo har kunu matarsa ke aiko mini. Ya zo ya shafa saman kadarkon da tafin hannu, ya dube ni ta saman tabarau.

“Malam Habu, mutanen da za su taka wannan, da takalmi suke zuwa?”

“Wasu da shi, wasu babu.”

“Ƙafarsu a bushe?”

Bai jira amsata ba. Ya ce:

“Kawo bokitin ruwa mu zuba, ka cire takalminka, ka taka taɓo ka hau. In ka kai ƙarshe ni zan saya maka shayi. In ba ka kai ba, ka kankare fentin nan, mu buga masa 'yan sanduna a gicciye. Aikin rabin yini ne, ina da guntayen katako ma.”

Kun san halina, ba sai an gaya muku ba. A gaban jama'a aka faɗa, ana tsaka da yabona, sai raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Baba, wannan fa ba kujerar makaranta ba ce. Ni ɗan mai fito ne, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya.” Aka kwashe da dariya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, Allah ya kiyaye,” ya koma shagonsa. Ɗan mai fito! Rabona da taka taɓon garinmu da ƙafa ba takalmi ya fi shekara ashirin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsage-tsagen nan na kadarkon Babanmu da nake yi wa kallon ƙauyanci, su ne ke riƙe ƙafa, amma ban taɓa tambayar kaina don me ya yi su ba. Kuma abin da ya hana ni zuba ruwan nan, in faɗa muku gaskiya, ba wai na tabbata Baba Bitrus ya yi kuskure ba ne. Tsoro nake kada ya zama ya yi daidai, in rasa fentina da sunan shagona.

Da Yaya ya zo ɗauka ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yi dariyar da na daɗe ban ga ya yi ba. Sai ya shafa samansa, dariyar ta ragu.

“Ba ka yi masa tsaga ba?”

“Yaya, wannan na zamani ne, ba ya buƙata.”

“To, ku kuka san aikinku.”

Ya yi godiya, ya sa mini albarka kamar uba, aka ɗaure kadarkon a saman mota ya tafi.

Damina ta sauka, kogi ya cika, aka haifi Maryam. Saura kwana ɗaya suna Inna ta shirya za ta taho Kano, ita da Gwaggo Hansatu, ƙanwar Babanmu. Muna gida ana ta daka da soye-soye, wajen la'asar sai ga mota a ƙofar gida. Yaya ne ya fito, rigarsa duk taɓo har wuya. A bayan motar Inna ce kwance a kan tabarma tana salati da ƙyar. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi asibiti, aka yi abin da za a iya, likita ya ce shekarunta sun yi nisa, sai dai a yi ta addu'a. Sunan Maryam a tsaitsaye aka yi shi, ko ragon ban san wanda ya raba ba. Bayan mako uku aka dawo da Inna gidanmu na Tarauni, ɗakin nan na kusa da rijiya, kuma daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Ranar da aka dawo da ita gida ya cika da 'yan dubiya, dangi daga ƙauye, maƙwabta daga Daurawa, tsakar gida ba masaka tsinke. Yaya yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, don ba ya shiga inda Inna take kwance. Gwaggo Hansatu kuwa bakinta ba ya da linzami, kuma a kan idonta abin ya faru, tana kan gaɓa. Ta miƙe ta nuna shi da yatsa.

“Ku tambaye shi! Akwai buhu shimfiɗe a kan abin, da hannunsa ya janye. Ya janye ya koma gefe ya harɗe hannu, tsohuwa da ƙwarya a ka. Ko ɗan yatsa bai miƙa mata ba. Wannan ɗa ne? Ubanka ya shekara arba'in a kan ruwa bai kayar da ko akuya ba, kai ka kayar da uwarka!”

Yaya bai ɗago kai ba. Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna a hankali:

“Hansatu, ƙafata ce ta zame. Ƙaddara ce.”

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ni kuwa ina tsaye a jikin bango da faranti a hannu ina raba goro. Tun da na ji an ambaci buhu na gane abin da ya sa aka shimfiɗa shi. Kalma nawa ce? In ce, “Gwaggo, laifin kadarkon ne, ni na yi shi da santsi, an gaya mini na ƙi ji.” Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na dubi jama'a, surukaina suna nan, abokan ciniki suna nan, sai na miƙa wa na kusa da ni goro.

Washegari kafin ya koma Yaya ya biyo ta shago. A nan ya ba ni labarin yadda aka yi, muryarsa ko rawa ba ta yi. Ya ce tun ranar farko da ya shimfiɗa kadarkon ya ga yana jan ƙafa in ya jiƙe, shi ya sa kullum yake ɗaura masa buhun algarara a kai, ya barbaɗa yashi. Bai aiko mini ba don kada in ji kunya. Ranar da Inna ta zo, ta tsaya a gaɓa ta dubi buhun, ta juya tana magana da iska kamar yadda ta saba in da shi take: “A ɗauke wannan tsumman, in ga aikin Auta.” Ya ce mata akwai santsi. Ta ce, “A ɗauke.” Gwaggo tana can baya tana sallama da wata, ba ta ji ba. Ya janye buhun, ya miƙa hannu, Inna ta kawar da kai, don ba za ta kama hannun ɗan fari a gaban mutane ba. Sai ya ja da baya. Ta tsaya ta kalli shuɗin fentin, ta sa aka karanta mata sunan shagona, ta ce, “Masha Allah.” Taku uku ta yi.

Na zauna a kan durom na rufe fuska. Na ce masa zan tara dangi in faɗa musu. Ya girgiza kai.

“Bar shi, Habu. Tana kwance a gidanka, a hannunka take ci. Abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne ta ce Auta ya yi kaza. In ka faɗa, ka karya mata wani ƙashin. Ni na saba, bayana ya ɗauki abin da ya fi wannan.”

Ku ji irin mutumin da kuke gaisarwa a tsaye. Ni kuma ku ji irin ubanku: na karɓi maganar nan hannu bibbiyu kamar wanda aka yi wa kyautar Sallah. Na ce masa, “To Yaya, yadda ka ce.” Har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini. Bayan ya tafi Baba Bitrus ya leƙo. Bai ce “ai na gaya maka” ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi:

“Yaya jikin Mama?”

“Da sauƙi.”

“Mutanen gida sun san yadda aka yi?”

Na ce masa maganar gida ce. Ya dube ni ta saman tabarau ɗin nan nasa, ya koma ciki. Mun ci gaba da gaisawa har ya bar unguwar, amma bai sake zama a bencina ba.

Magana kuwa ta riga Yaya isa gida. A ƙauye in aka ce mutum ya kayar da uwarsa, wa zai ba shi tasa uwar ya tsallakar? Ya mayar da kadarkon Baba, yana ja yana nishi shi kaɗai, don masu kama masa ma sun ragu. Mata suka koma jiran wani jirgin ko da za su yini a gaɓa. Damina biyu aka yi a haka, ta uku Sarkin Ruwa ya kira shi ya ce ya huta, aka ba wani fiton. Sana'ar da ta zo tun daga kakanmu a hannun Yaya ta ƙare, ya koma noman albasa a fadamar aro. Yana zuwa Tarauni duk wata ya tsuguna a bakin ƙofar Inna ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ku kuma kuna wucewa ta gabansa kuna yi masa gaisuwar da ba ta kai ciki ba, ina gani ban taɓa tsawata muku ba. Mahaifiyarku ce kaɗai ke kai masa ruwa da kanta ta durƙusa. Ita ta sani, don Inna ta faɗa mata wata rana tana yi mata wanka. Ta ce Inna ta yi kuka ta ce, “Mai jirgin ya ce mini akwai santsi.” Ko a nan ba ta iya kiran sunansa ba.

Shekara huɗu Inna ta yi a kwance, sannan Allah ya karɓi abarsa. To a nan ne ba ni da abin fakewa. Yaya ya ce in yi shiru saboda Inna, Inna kuma ta tafi. Ranar sadakar bakwai mahaifiyarku ta same ni a ɗaki ta rufe ƙofa.

“Malam, dangi duk suna nan. Yau ce ranar.”

“Ana cikin makoki, Rabi. Bari a yi arba'in.”

Aka yi arba'in na ce bari a shekara. Aka shekara na ce tsohon miki ne, a bar shi ya warke. Wane miki? Nawa ne ya warke, nasa yana nan ɗanye. Lokacin na zama Alhaji Habu, ina da shago uku, ni ake kira sasanci in dangi sun saɓa, ana cewa ni ne ɗan da ya riƙe uwarsa har ta cika. Na ji daɗin wannan suna, na ƙi sakinsa. Yaya ya daina zuwa Kano bayan rasuwar Inna, ku kuka ce girman kai ne, ni kuma na bar ku a kan haka. Ina aika masa shinkafa da shadda duk Sallah, yana aiko mini albasa da godiya. Shekara goma sha ɗaya muna wannan musayar, bai taɓa tuna mini ba ko da wasa.

Bara da kaka aka bugo mini waya cewa Yaya ya kwanta. Na ce zan zo ranar Asabar, akwai aikin tagogin wani bene da nake son in ga an ɗaura. A raina na shirya cewa in na je zan tara mutane a gabansa in faɗi komai, har na tsara yadda zan fara. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi.

Na isa ana shirin yi masa sallah. Mutane ba su yi yawa ba. Bayan an rufe shi muna zaune a ƙofar gida, 'yarsa Hadiza tana daga cikin zaure tana jin duk abin da ake faɗa, sai wani dattijo cikin masu gaisuwa ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da kyakkyawar niyya ya yi, ban zarge shi ba. Ya ce:

“Allah ya jiƙan Sale. Allah ya yafe masa abin da ya yi wa mahaifiyarsa.”

Jama'a suka shafa. Duk suka juyo gare ni, don ni ne babba yanzu, ni ake yi wa gaisuwa. Ga kabarinsa ko bushewa bai yi ba, ga 'yarsa tana saurare, ga bakina a jikina lafiya lau.

Na ce amin.